Numfashin yaro ba ya jiran gari ya waye

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya lulluɓe Katsina da Daura da hazo, ɗakunan kwantar da yara a asibitocinmu sukan cika da masu tari da haki. Mafi yawansu mura ce, za ta wuce da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Amma a cikinsu akwai waɗanda ciwon ya sauka musu cikin huhu, wato nimoniya, wadda iyaye ke kira sanyin haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000. A ƙiyasin UNICEF na 2018 kuwa, Najeriya ce ke kan gaba da yara 162,000, ta wuce har Indiya duk da yawan jama'arta.

Ra'ayina shi ne, ci gaban da zai rage wannan asara ya riga ya samu, kuma ba shi da tsadar da ake tsammani. Abin da ya rage shi ne ya sauko daga manyan asibitoci zuwa cibiyar lafiya ta mazaɓa, da shagon kemis, da ɗakin uwa. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Yaron da numfashi ya sarƙe masa da ƙarfe biyun dare a wani ƙauye na Baure ko Batsari ba zai ga ƙwararren likitan yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya ba a wannan daren. Abin da ke kusa da shi ne zai cece shi ko ya gaza, don haka nan ya kamata kuɗi da hankali su koma.

A fara da gyara wata fahimta. Ruwan sanyi da fanka da wankan safe ba su ne ke kawo nimoniya ba. Ƙwayoyin cuta ne, wasu bakteriya wasu bairos, suke shiga ƙananan jakunkunan iska na huhu, su cika su da ruwa da mugunya har iska ta kasa ratsawa zuwa jini. Abin da hunturu ke yi shi ne share musu hanya: ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, ana rufe ƙofa da taga, mutum bakwai ko takwas su kwana ɗaki ɗaya, ga kaskon garwashi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa. Mai mura ɗaya ya isa ya raba wa kowa, kuma jinjiri ne zai fi shan wahala.

Hanyar farko ta gane ciwon ba ta buƙatar na'ura sai agogo, kuma kowace wayar hannu tana da shi. A jira yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono, ko barci yake ya yi. A ɗaga masa riga, a sa ido a ƙirji ko ciki, a ƙirga minti guda cur. Shiga da fita numfashi ɗaya ke nan. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Kuskuren da ya fi yawa, har a wurin ma'aikatan lafiya idan layi ya yi tsawo, shi ne a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Jarirai ba sa numfashi bai ɗaya, sukan yi sauri su ɗan dakata su ci gaba, don haka gajeren ƙirge yana ba da amsar ƙarya. In adadin ya haura a jaririn da bai kai wata biyu ba, a sake ƙirgawa. In ya sake haurawa, a nufi asibiti.

Bayan ƙirge sai a dubi ƙasan haƙarƙari. Lafiyayyen yaro idan ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan ƙasan ƙirjin lotsawa yake yi ciki lokacin da yake jan iska, kuma haka yake yi kowane numfashi ba sai yana kuka ba, huhun ya yi tauri, yaron da ƙarfin tsiya yake cika shi. Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa shawara a kansu: ya kasa shan nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ya galabaita ba ya farkawa sosai, yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi, kansa yana ɗagawa yana sauka tare da numfashin, ko wata ƙara mai kaushi tana fita daga maƙogwaro alhali yana kwance shiru. Ko ɗaya aka gani, tafiya ta kama a wannan sa'ar. Nan maigida yake da rawar takawa. Ya ba da izini tun kafin ciwo ya zo, cewa duk ranar da aka ga waɗannan alamu a ɗauki yaro ko yana kasuwar Mai'aduwa ko yana ci-rani a Legas, ya kuma bar kuɗin abin hawa a hannun uwar. Yara da yawa a jiran dawowar uba suke kai wa gargara.

Gaskiyar da tsarin lafiyarmu ba ya son fuskanta ita ce, kafin uwa ta je asibiti ta riga ta je kemis. A can abubuwa uku suke lalacewa. Na farko, duk zafin jiki sunansa maleriya, a ba da magani ba gwaji, a yi kwana uku ana jira alhali huhu yana cika. Na biyu, a haɗa wa yaro kwalaben maganin tari, waɗanda ba sa taɓa ƙwayar cutar, wasu ma suna sa shi barci har uwa ta zaci sauƙi ne. Kada a manta yara kusan 70 da suka rasu a Gambiya a 2022 bayan shan gurɓatattun magungunan ruwa na tari da mura. Na uku, a sayar da maganin ƙwayoyin cuta daidai kuɗin da ke hannu, na kwana biyu, ciwon ya lafa ya dawo da ƙarfi.

Alhali maganin da ya dace sananne ne. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya amoxicillin a matsayin maganin farko, musamman ƙwaya mai miligiram 250 da ke narkewa a ruwa. Wannan ƙwaya ci gaba ce ta gaske ga wuri mai zafi irin namu: ba ta buƙatar firiji, ba ta buƙatar a auna ruwa a zuba cikin kwalba, a cokali ake narkar da ita da ɗan ruwa mai tsafta ko nonon uwa. Ɗan wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya yana shan ƙwaya ɗaya safe da yamma, ɗan shekara ɗaya zuwa uku ƙwaya biyu, ɗan shekara uku zuwa biyar ƙwaya uku. Mai lotsawar ƙirji kwana biyar zai yi yana sha, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna nauyinsa ya tabbatar da adadin. In an kwana biyu zuwa uku numfashin bai sauka ba, ko ya ƙi ci, a koma. Mai tsanani kuwa kwanciya ce, da allurar ampicillin kowace awa shida da gentamicin sau ɗaya a rana, a ƙalla kwana biyar. Jaririn da bai kai wata biyu ba ba a yi masa lissafin gida ko na kemis ko kaɗan.

Don haka ina ganin yaƙi da masu kemis ba zai haifar da komai ba. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha ta zauna da ƙungiyarsu, a koya wa kowane mai lasisi ƙirga numfashi da alamomin haɗari, a ba shi takardar turawa asibiti, a kuma riƙa bibiyar yara nawa ya tura. A koya masa kuma kishiyar wannan: yaron da ke tari da majina, numfashinsa daidai, yana ci yana wasa, ba ya buƙatar amoxicillin. Ruwa mai ɗumi, nono, wanke hanci da ruwan gishirin asibiti, da ɗan zuma in ya haura shekara ɗaya, sun wadatar. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ba zuma. Duk maganin da aka sha ba dalili yana koya wa ƙwayoyin cuta jure shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki.

Inda na fi son a tsaya shi ne maganar oksijin, domin ƙarancinsa a jini shi ne ke ƙarasa yaro tun kafin allura ta fara aiki. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri dai ido bai san kima ba. Sauyawar launin leɓe da harshe zuwa shuɗi tana zuwa a makare, kuma a fatarmu da wuya a gan ta, balle da fitilar waya. Ma'aunin oksijin, ɗan ƙaramin abin nan da ake maƙalawa a yatsa, shi ya warware wannan. Yana haska jan haske ta cikin fata, cikin daƙiƙoƙi ya nuna kashi nawa cikin ɗari na jini ke ɗauke da oksijin. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙasa da 90, yaro yana buƙatar oksijin nan take, ko da a ido bai yi kama da mai jin jiki sosai ba.

Amma na'urar tana da sharuɗɗa, kuma nan ake yawan yin asarar kuɗi. Irin wadda ta cika kasuwa lokacin korona ta manya ce. Yatsan jariri ya yi mata ƙanƙanta, haske yana zurarewa ta gefe, sai ta ba da lambar ƙarya ko ta ƙi. Abin da cibiyar lafiya ke buƙata shi ne na'urar hannu mai waya, da bakin ma'auni na yara da na jarirai wanda ake naɗawa a tafin ƙafa ko babban yatsan ƙafa. Hannu mai sanyi, motsi, jan farce, da baƙin lalle mai kauri duk suna iya rikita ta. A ɗumama ƙafar, a bar yaro a jikin uwarsa, a jira alamar bugun zuciya ta daidaita, sannan a karanta. Bincike ya kuma nuna cewa a mutane masu duhun fata wasu na'urorin suna ɗan ƙara lamba sama da gaskiya, saboda haka yaron da ya nuna 90 zuwa 93 yana lotsa ƙirji ba a sallame shi da murna, a sake aunawa a sa masa ido. Wani abin lura: yaron da jininsa ya ƙare saboda maleriya ko sikila zai iya nuna 98 alhali yana haki, domin ɗan jinin da ya rage cike yake da oksijin amma bai isa ba. A duba tafin hannu da cikin ido, a yi gwajin maleriya da na yawan jini. Wannan yaron ƙarin jini yake nema.

Amfanin wannan tsari an gwada shi. A Papua New Guinea, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa sanya ma'aunin oksijin da injinan samar da shi a asibitocin karkara ya rage mutuwar yara masu nimoniya da kusan kashi 35 cikin ɗari. A nan gida ma an yi irin wannan aiki a asibitoci 12 na kudu maso yamma, aka ga cewa koya wa nas-nas auna kowane yaro da aka kwantar shi ne ya fara sauya sakamako. A Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan wadata asibitoci da oksijin. Hujja dai ta wadata.

Daga ina oksijin ɗin zai fito? Babbar tukunya tana ɗaukar lita kusan 6,800. Ta siririn bututun hanci, sabon haihuwa yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a minti, jinjiri lita ɗaya zuwa biyu, wanda ya girma kaɗan har zuwa huɗu. Yara huɗu a kan lita biyu-biyu za su shanye tukunyar cikin awa 14. Asibitin da ya dogara da tukunya kaɗai, kuma sai an kai ta birni an cika, zai riƙa zaɓen wanda za a cire wa bututu a sa wa wani, ko a ɗora kuɗin a kan uban da bai taɓa tsammaninsa ba. Injin tace oksijin ya fi dacewa da ɗakin yara. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. Injin yana zuƙo ta, ya riƙe naitirojin, wato iskar da ta fi yawa a cikinta, ya fitar da oksijin mai kashi 90 ko fiye. Da na'urar rarraba iska, inji ɗaya yana iya ɗaukar yara har biyar, kowa da ma'auninsa.

Abin da ke kashe waɗannan injina a yankinmu biyu ne, ƙura da wuta. Akwai soson tace ƙura a jikin injin da ake cirewa a wanke da sabulu kowane mako, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, a sa na canji a madadinsa; lokacin hazo sau ɗaya a mako bai isa ba. In ya toshe injin ya yi zafi, sinadarin da ke riƙe naitirojin ya lalace, sai ya ci gaba da ƙara yana hura iska kamar lafiya lau alhali iskar ɗaki ce kawai. Tsoma bututu cikin ruwa a ga kumfa yana nuna iska na fita, ba ya nuna oksijin ne. Sai da na'urar gwada tsarkinsa, kuma injin da ya sauka ƙasa da kashi 82 ya tashi daga aiki. Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona shi, don haka a haɗa masa sitabilaiza, a kuma janye shi daga jikin bango ya sha iska. Inji mai cin wat 350 yana buƙatar fiye da kilowat-awa takwas a kwana ɗaya, lissafin da za a ba mai haɗa sola ke nan, da batirin da zai kai shi asuba, a layinsa shi kaɗai ba tare da fanka da cajin waya ba. A Yuganda an gwada oksijin mai aiki da hasken rana a asibitocin karkara, mutuwar yara ta ragu. Rana kuwa ba abin da Katsina za ta roƙa ba ne. Tukunya ta zauna a gefe don ranar da inji ya tsaya, da kuma ƙarama don motar da za ta kai yaro babban asibiti, domin tura yaron da ma'auni ya nuna masa 80 tafiyar awa biyu ba oksijin kasada ce da ransa.

Ko an samu iskar, sai da kulawa. Majina tana toshe bututun hanci, yaro yana fizge shi, waya tana lanƙwashewa ƙarƙashin zanen uwa. Nas ta duba duk bayan awa uku, ta share hanci, ta manne bututun a kumatu da filasta, ta sake aunawa. A kuma yi wa iyaye bayani, domin akwai masu ganin cewa sa wa yaro oksijin alamar an fid da rai ce, har su ƙi yarda. Abin da ya jawo wannan zato shi ne an daɗe ana ajiye oksijin sai ga wanda ya kai ƙarshe. Idan aka fara sa shi da wuri, uwaye suka ga yara suna tashi, tsoron zai gushe.

Akwai mataki na gaba, na'urar da ke tura iska da ɗan matsi ta hanci don huhu ya zauna a buɗe, wadda ake tsoma ƙarshen bututunta santimita biyar cikin ruwa tana kumfa. A Bangladesh a 2015 ta rage mutuwa sosai a asibiti mai cikakkiyar kulawa. A Malawi a 2019, a asibitin da babu likita a kan yaran kullum, waɗanda aka sa wa ita sun fi mutuwa. Saboda haka wurinta asibiti irin na Turai Yar'aduwa da manyan asibitocin Katsina, Daura da Funtuwa, inda ake da ma'aikatan da za su tsaya a kanta, musamman don bakwaini. Kada a raba ta ƙauyuka don a ce an kawo kayan zamani.

Ba duk mai haki ne ke da nimoniya ba. Yaron da numfashinsa ke fito kamar usur idan yana fitar da iska, tari yana tashe shi da dare, abin yana dawowa duk hunturu ko duk ranar da aka yi shara, a yi tunanin asma. Maganin shaƙa na salbutamol ya fi na ruwa saurin aiki da ƙarancin illa, amma ƙaramin yaro ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi. Likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa robar lemo mai rabin lita tana cike wannan gurbi. A wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe ba gogewa, a huda gindinta daidai bakin maganin ya shiga ya matse, a girgiza maganin, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi biyar ko shida ta bakin robar, sannan a sake. Wanda abin ke yawan tasar masa yana buƙatar maganin shaƙa na kullum mai kwantar da kumburin hanyar iska, irin beclometasone, ya kuskure baki bayan kowace shaƙa. Maganar cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya bari ba ba ta da tushe, kuma ta hana yara da yawa barci da makaranta.

Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, musamman in akwai babba mai tari a gidan, a nemi gwajin tarin fuka. Da can matsalar ita ce yaro ba ya iya fitar da kaki. Yanzu na'urar GeneXpert tana iya gano ƙwayar a cikin bayan gidansa, tunda haɗiye kakin yake yi. Maganin kyauta ne, akwai mai narkewa a ruwa na yara, kuma tun 2022 aka amince da wata huɗu maimakon shida ga yaron da ciwonsa bai yi tsanani ba. Duk ɗan ƙasa da shekara biyar da ke gida ɗaya da mai tarin fuka ya cancanci maganin kariya ko lafiyarsa ƙalau.

Abubuwa biyu na gida suna zuwa ba shiri. Yaron da yake cikin wasa lafiya, tari ya turnuƙe shi farat ɗaya, a tambaya ko yana cin gyaɗa ko aya. Ƙwaya ɗaya in ta faɗa hanyar iska takan zama nimoniyar da ke dawowa gefe ɗaya har sai an ciro ta da na'ura. Wanda ya sha kananzir daga robar ruwa kuwa, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, aman ne ke kai shi huhu. Cire beli ma ba ya maganin tari. Zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta yake jawowa, ga kwanakin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki.

Rigakafin da ke kare huhu yana cikin katin da kowace uwa ke da shi. Allurar BCG ta tarin fuka ranar haihuwa. Allurar Penta, wadda Najeriya ta fara a 2012, tana kare yaro daga tarin shiƙa, mashaƙo, da ƙwayar Hib mai kawo nimoniya da sanƙarau. PCV, da aka fara a ƙarshen 2014, tana tare babbar ƙwayar nimoniya. Penta da PCV ana yin su a mako na 6, na 10 da na 14, kuma ta uku ce aka fi tsallakewa, sau da yawa don jaririn ya yi zazzaɓin kwana ɗaya bayan ta farko ba wanda ya gaya wa uwar cewa hakan zai faru kuma zai wuce. Allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, domin ƙyanda ta huhu take yawan kisa. Ɓarkewar mashaƙo da ta taso daga ƙarshen 2022, ta fi ƙamari a Kano ta kuma shafi Katsina, yawanci yaran da ba su kammala allura ba ta kama. Abin da ke tafe shi ne kariya daga RSV, bairos ɗin da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na jarirai, wanda ke kashe yara kusan 100,000 a shekara, kusan dukansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. An samar da allurar da mai ciki ke karɓa a watannin ƙarshe ta miƙa wa jaririn kariya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta a Maris 2025. Ranar da ta iso, ta ɗakin awo za ta bi, don haka ƙarfafa zuwa awo tun yanzu shi ne shirin karɓarta.

Yunwa kuma tana gaban duk wannan. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na tamowa a Katsina a wata shidan farko na 2025. Yaro mai tamowa ƙarfin tari ma ba shi da shi, jikinsa ba lalle ya yi zafi ba, numfashinsa ba lalle ya kai adadin da aka ambata ba, amma huhun ya kamu. Duk wanda zagayen damtsensa bai kai santimita 11.5 ba kuma yana tari, a ɗauke shi a matsayin mai tsanani. Nonon uwa zalla na wata shida, ba ruwa ba jiƙo, da bitamin A duk wata shida daga nan, suna cikin kariyar huhu. Haka nan hayaƙi: a sauke goyo kafin a durƙusa gaban murhu, a yi girki a fili da busasshen itace, a fitar da kaskon garwashi kafin a rufe ƙofa, mai shan taba ya yi nesa da ɗakin mai jego.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke aika kuɗi kai tsaye ga cibiyoyin lafiya na mazaɓu, kuma kowace cibiya tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke da ta cewa a kan yadda za a kashe su. Dagatai da masu unguwanni da limaman da ke cikin waɗannan kwamitoci su shiga cibiyarsu kafin Nuwamba, su ce a nuna musu ma'aunin oksijin yana aiki a ƙafar jariri, a buɗe musu kwabar magani su ga amoxicillin mai narkewa da ranar ƙarewarsa, a gaya musu sunan asibiti mafi kusa da ke da oksijin cikin dare da lambar wanda za a kira kafin a taso. A matakin jiha kuma, kowane babban asibiti ya samu ma'aikacin gyaran na'urori da aka ɗora wa alhakin injinan, da na'urar gwada tsarkin iska a hannunsa, da kuɗin soso, bututun hanci, bakin ma'auni da batir a rubuce cikin kasafin kowace shekara, a kuma riƙa aika wa ma'aikatar lafiya rahoton wata-wata na yara nawa aka auna, nawa suka gaza 90, nawa daga cikinsu suka samu oksijin.